Nasiha Ga 'Ya'yanmu Na Ƙasar Zurmi A Kan Amanar Wayar Hannu

Wannan nasiha ce zuwa gare ku, 'ya'yana maza da mata na Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi da ƙauyukan da ke kewaye da su, a kan wani abu wanda kun fi mu sanin yadda ake latsa shi nesa ba kusa ba, amma mu kuma, saboda daɗewa a duniya da yawan zaman sulhu da jaje, mun fi ku ganin inda latsawar take kai mutum. Ban ɗauki alƙalami don in raba ku da wayoyinku ba, domin waya ni'ima ce daga ni'imomin Ubangiji, kuma wanda ya ce a jefar da ita bai san halin da magidanci yake ciki ba sa'ad da naƙuda ta kama iyalinsa da tsakar dare. Abin da nake so ku riƙe guda ɗaya ne: duk abin da ya bi ta cikin wayarka, ya ɗana, da sunanka yake tafiya, a wurin hukuma da kuma a wurin Allah.

Ku sani kakanninmu ba su kasance marasa sadarwa ba, sai dai sadarwarsu tana da nauyi da jinkiri. Idan sarki ko malami zai aika da magana, sai a kira magatakarda ya rubuta da tawada, a karanta a sake karantawa, a buga hatimi, sa'an nan manzo ya ɗaura sirdi. Kuma wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu El-Kanemi na Barno, waɗanda har yau masana suke nazarinsu, sun isa shaida a kan yadda mutanen da suke auna kalma kafin su sake ta. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, aka sami gidan waya da kan sarki, mutum yakan kwana da maganarsa kafin ta bar hannunsa. Har zuwa shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar 2001 ɗin ne wayar salula ta fara aiki, ana biyan naira 50 a kowane minti, layin kansa kuwa sai mai hali. To, tsada da nisa su ne suka riƙa tilasta wa mutane tunani, ga shi yanzu duka biyun sun kau, ba abin da ya rage tsakanin zuciyar mutum da kunnen duniya sai hankalinsa da tsoron Allahnsa.

Mu fara da layin kansa, domin shi ne tushe. Layin da aka yi wa rajista da sunanka daidai yake da hatimin nan na mutanen da: duk takardar da aka gan shi a kanta, mai hatimin ake tambaya, ko da wani ne ya rubuta. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta fara rajistar layuka a 2011, ana ɗaukar hoto da zanen yatsu. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, mai alƙaluma 11. A watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A watan Satumba na 2024 kuma wa'adin ƙarshe ya cika. Na san wahalar da aka sha wajen bin layi a rana, na kuma san cewa har yanzu miyagu suna samun hanyar kira, har wasunku kan ce to mene ne amfanin rajistar. Amma gazawar mai tsaro ba ta halatta maka ka bar ƙofarka a buɗe, kuma ko mugu ya kuɓuce wa bincike, wanda sunansa yake kan layin ba ya kuɓucewa.

Saboda haka, ya ɗana, kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, irin wanda ake miƙo maka a tasha ko a bakin kasuwa a ce ka huta da wahala, domin doka ta hana sayar da shi da amfani da shi, kuma ba ka san tarihin da yake ɗauke da shi ba. Kada kuma ka ba da lambarka ta NIN a yi wa wani rajista, ko don kunya, ko don 'yan kuɗin da zai ba ka, ko don ya ce shi baƙo ne ba shi da takarda. Mun ga yadda abin yake ƙarewa: a yi amfani da layi wajen neman kuɗin fansa, masu bincike su bi diddigi, su iske sunan wani yaro mai sayar da kati wanda bai taɓa taka daji ba, kafin gaskiya ta yi halinta an sayar da gona, uwa ta rame, aure ya lalace. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan baƙo ya roƙe ka aron waya, kuma ka ga alamar lalura ce ta gaskiya, to ka karɓi lambar ka buga da hannunka, ka tsaya a yi maganar a gabanka. Da haka ka taimaki mabuƙaci, ka kuma tsare kanka. Idan kuwa kana shakkar an taɓa yin rajista da sunanka ba da saninka ba, ka je ofishin kamfanin layi a duba maka, a cire wanda ba naka ba.

Haka al'amarin yake ga ita kanta wayar. Kowace waya tana da lambarta ta musamman mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, za ka gan ta idan ka latsa *#06#, kuma canza layi ba ya canza ta. Da ita ake gano wayar sata ko ta shekara tana yawo daga hannu zuwa hannu, sai a kama na ƙarshe, shi ne zai yi bayanin inda ya samo. Idan aka kawo maka waya mai tsada a kuɗin da bai kai rabin kimarta ba, babu kwali babu rasit, mai sayarwa kuma yana waige-waige, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka sayi waya a shagon da aka sani, ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, in kuwa hannu da hannu ne to a yi a gaban shaidu biyu, ka rubuta lambar ka ajiye a gida. Wayar tsintuwa ma tana da hukuncinta a fiƙihu, domin malamanmu na mazhabar Malikiyya sun karantar da mu cewa abin tsintuwa mai daraja cigiyarsa ake yi har shekara. Wanda ya tsinci waya ya zare layin ya jefar, alhali mai ita yana ta kira, ya san ba cigiya yake yi ba.

Babu mutanen da ya kamata su san darajar wannan ni'ima da haɗarinta kamar ku mutanen Zamfara, domin kun ɗanɗani rashinta. A ranar 3 ga Satumba 2021, kwana biyu bayan sace ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun, hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe sadarwa a jihar baki ɗaya bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. An ce mako biyu ne, amma Gusau ba ta sami sabis ba sai a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kun tuna yadda mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi, yadda masu POS da masu caji suka zauna hannu rabbana, yadda aka yi rasuwa aka binne ɗan'uwa na nesa bai ji ba. Hujjar da aka bayar ita ce 'yan bindiga da masu kai musu rahoto da waya suke shirya ta'asarsu. Ko mutum ya yarda da wannan mataki ko bai yarda ba, darasin a fili yake: mutane ƙalilan ne suka ci amanar waya, al'umma duka ta biya.

Wannan ya kawo mu ga magana mafi nauyi, wadda nake roƙon ku buɗe mata kunnuwan basira. Ɗan bindigar da ke daji bai san wanda ya sayar da shanu ranar kasuwar Shinkafi ba, bai san wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Legas ba, bai san sa'ar da motar fasinja za ta tashi daga Zurmi zuwa Jibiya ba, sai an gaya masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda yake yin haka da gangan, wanda kuke kira infoma, ya sayar da lahirarsa da ɗan abin da ba zai kai shi ko'ina ba, kuma dokar da aka sa wa hannu a jihar nan a watan Yuni na 2022 ta tanadar masa hukuncin kisa daidai da wanda ya riƙe bindigar. Amma akwai wanda yake yin aikin infoma bai sani ba: saurayin da ke ɗaga murya a teburin mai shayi yana faɗa wa abokinsa a waya nawa babansa ya sayar da wake, da yarinyar da ke sa hoton kayan lefenta da ranar ɗaurin aure da sunan unguwa a Facebook ko TikTok, da wanda ya ga motocin soja ko askarawa sun wuce ya ɗauki bidiyo ya watsa a WhatsApp don a ce shi ya fara sani. Baki shi ke yanka wuya. Maganar kuɗi da ta tafiya a yi ta a ɗaki cikin ƙaramar murya, hoton biki ya jira sai an watse, motsin jami'an tsaro kuwa ba abin watsawa ba ne ko kaɗan. Idan wani da ba ka sani ba ya riƙa aiko ka sayo kati mai yawa, ko ya ba ka wayoyi da batura ka kai caji ana biyanka fiye da ƙima, ka janye jikinka, ka shaida wa mahaifinka ko mai unguwa.

Sai dai ku kiyayi ɗaya gefen, domin shi ma rami ne. A ƙasar da zukata suka cika da tsoro da fushi, kalmar nan ta infoma tana iya kashe mutum kafin alƙali ya ji ƙararsa, kuma sau da yawa wanda ya fara jefa ta a cikin zauren WhatsApp ba shi da hujja sai tsohuwar gaba ta gona ko ta neman aure. Wanda ya sa hoton bawan Allah ya rubuta a ƙasa cewa ga mai kai rahoto, aka je aka zubar da jininsa, to yana da kaso a cikin jinin nan ko yana kwance a ɗakinsa lokacin da aka yi. Idan kana da zargi mai tushe, hanyarsa ita ce hakimi ko dagaci ko jami'in tsaro, a asirce, don a bincika.

Game da labarai kuwa, ina ma a ce kowane mai waya ya ɗan zauna gaban malamin hadisi ya ga yadda magabata suka yi da ruwaya. Ba su karɓar magana sai sun san isnadinta, wane ya ji daga wane, kuma shi wanen mai gaskiya ne, mai kiyayewa ne, ya ma haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Suratul Hujurati kuma ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Yanzu fa sai ga saƙon murya, ba suna ba gari ba rana, wani yana haki yana cewa ga su nan sun taso, kowa ya tura wa kowa, mata su kwashi yara su faɗa daji cikin dare, a yi ɓari, a yi karaya, da safe a ga ba komai. Ranar da abin ya zo da gaske kuma sai a ƙi gaskatawa. Manyanku za su tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaya ƙasar nan a dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, alhali duk wanda ya tura saƙon alheri yake nufi. Kyakkyawar niyya ba ta mai da ƙarya gaskiya. Kafin ka tura, ka tambayi wanda ya turo maka ko ya gani da idonsa. Idan gargaɗin hari ne, ka kira wani da ka sani a garin da aka ambata. Idan bidiyo ne, ka sani ana ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa a laƙaba masa sunan garinku, yanzu ma har ana ƙirƙirar murya da fuskar mutum da na'ura. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri har shekara 3 ko tara har naira miliyan 7 ga wanda ya watsa abin da ya san ƙarya ne don ta da hankalin jama'a. Magana zarar bunu ce.

Mu koma kan dukiya, domin tun da aka shigo da lambar shaidar banki ta BVN a 2014, musamman kuma bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wayar talaka ta zama ma'ajiyar kuɗinsa. Ɗan damfara ba ya fasa ƙofa. Kira yake yi da tattausar murya, ya ambaci cikakken sunanka, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka yau ɗin nan in ba ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu ba, ko ya ce sunanka ya fito a tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya, ka biya kuɗin fom. Makamansa biyu ne, tsoro da kwaɗayi, kuma kullum yana gaggauta ka don kada ka sami sararin shawara. Ka riƙe wannan ƙa'ida ba tare da togiya ba: banki ba ya tambayar lambar sirrinka, ko lambobin jikin katinka, ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa ta saƙo, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ka kashe wayar, ka taka zuwa banki da ƙafarka. Haka lambar da WhatsApp ke turowa, wanda ya karɓe ta ya karɓe zaurenka, sai ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka. Kai kuma ɗan kasuwa, kada ka saki kaya don an nuna maka alat a fuskar waya, sai ka duba asusunka ka ga kuɗin sun zauna. A wurin mai POS ka rufe hannunka sa'ad da kake latsa lambar, kada ka faɗe ta da baki, kada kuma ka zaɓi shekarar haihuwarka.

Akwai wata kafa da yawancinku ba ku toshe ba. Saboda ƙarancin wutar lantarki, wayoyinmu suna yini a shagon caji, mafi yawan masu wannan sana'a kuwa mutanen kirki ne, amma hannuwa da yawa suna shiga wurin. Ɓarawon zamani ya fi son layin a kan wayar, domin idan ya sa shi a wata waya yana iya kaiwa ga asusunka. Maganin abin sauƙi gare shi: ka sa wa layin kansa lambar sirri daga cikin saitin wayar, ban da makullin fuska, ka adana katin da layin ya zo a jikinsa domin a nan lambar PUK take, wadda za ka buƙata idan ka yi kuskure sau 3. Ranar da waya ta ɓata, kafin kuka da cigiya, ka fara sa banki ya rufe asusun, sa'an nan kamfani ya toshe layin, sa'an nan ka kai rahoto wurin 'yan sanda. Idan kuma za ka daina amfani da wani layi, ka je banki a cire shi daga asusunka, domin layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani yakan sake sayar da shi ga wani. Rigakafi ya fi magani.

Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, kuma waya ta kawo shi har cikin ɗaka. Kun ji labarin MMM da ta rufe da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, ba a kuma daddara ba sai ga CBEX ta yi irin haka a watan Afrilu na 2025. Suna ne kawai yake canzawa, dabarar ɗaya ce, a biya na farko da kuɗin na baya har ranar da za a nemi masu abin a rasa. Duk cinikin da aka ce riba tabbas ce, ba kaya ba aiki ba asara, to malaman fiƙihu sun riga sun gaya mana garari ne ko riba, 'yan kasuwar Ƙaura ma da ba su yi zurfin karatu ba za su gaya maka haka. A kan wannan layi cacar ƙwallo take, da manhajojin ba da bashi waɗanda suke kwashe lambobin mutanen da ke wayarka, ranar da ka makara da biya su aika wa surukanka da limaminku saƙon cin mutunci. Abin ya kai har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta ɗauki mataki a kansu a 2022.

Ya 'yata, ke kuma ga taki ta musamman, kuma da tausayi nake faɗa. Hoton da kika aika wa mutum guda ya bar hannunki har abada, ko ya rantse ya goge, domin wayarsa tana zuwa wurin gyara, tana ɓata, soyayya kuma tana juyewa ta zama gaba. Wanda yake nufin aurenki ƙofar gidanku ya sani, waliyyinki yake nema. Idan kuwa wani ya riga ya sami abin da yake yi miki barazana da shi, kada ki biya shi, kada ki bi shi inda ya kira ki, kada kunya ta sa ki haɗiye abin ke kaɗai. Ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika amince da ita, a kai ƙara, domin abin da yake yi laifi ne a doka. Kai kuma ɗana, sirrin 'yar mutane amana ce a wuyanka, kuma ka tuna haddin ƙazafi bulala 80 ne a shari'ar da ake aiki da ita a jihar nan tun shekarar 2000. Giba da annamimanci da leƙen asirin mutane ba su canza hukunci don an yi su da yatsa. Daga cikin wannan babi har da ɗaukar hoton gawa ko wanda ya ji rauni a hari ko a haɗarin mota: mamaci yana da alfarma, kuma bai kamata uwa ta fara ganin gawar ɗanta a wayar maƙwabta ba. Hannun da ya ɗaga waya a irin wannan wuri, da ya ɗaga mai rauni ya fi.

Jikinka ma amana ne. Dokar hanya ta hana amfani da waya ana tuƙi, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tara a kai, amma tarar ita ce mafi sauƙin abin da zai same ka. Ɗan kabu-kabun da ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, da mace da goyo a bayansa, a kan hanyar Ƙaura zuwa Zurmi mai ramuka da dabbobi masu tsallakawa, rayuka uku ya sa a caca saboda maganar da za ta iya jiran ya tsaya a gefe. Kada ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, domin tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi. Ka guji cajar bogi, ka canza batirin da ya kumbura, kada ka kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi, kada ka riƙe ta tana jone da wuta ana tsawa. A gidan mai ka bi abin da aka rubuta a allo. A ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, shiga da waya kaɗai ya isa a soke sakamakon da iyayenka suka yi shekaru suna yi wa wahala. A masallaci da majalisin karatu da gaban iyaye kuwa, ka sa ta yi shiru, ka ba wanda ke gabanka fuskarka.

Kada ku ɗauka dokokin nan duka a kanku aka ɗora su, akwai waɗanda domin ku aka yi. Idan kamfani ya zare maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ka kai masa kuka bai share maka hawaye ba, lambar 622 ta hukumar NCC ce, kyauta ake kira. Idan saƙonnin talla sun dame ka, ka rubuta STOP ka aika zuwa 2442. Lambar 112 ita aka keɓe a ƙasa don kiran gaggawa, kada a yi wasa da ita. Ka haɗa da lambobin mai unguwarku da ofishin 'yan sanda da asibiti mafi kusa, ka kuma rubuta su a takarda, domin ranar da ake buƙatarsu ita ce ranar da caji kan ƙare. Alherin da ke cikin wayar kuwa ba shi da iyaka ga mai nema: manomi ya ji farashin gero da wake a kasuwar Dawanau kafin ya yi ciniki, ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda ya karanta littafin da babu shi a laburare, mai ɗinki ta sami masu saye a Gusau da Sakkwato, almajiri ya saurari tafsiri daga malamin da aka san sanadin karatunsa, wanda gudun hijira ya raba da danginsa ya sada zumunci.

Daga ƙarshe, 'ya'yana, ku dubi matsayin da zamani ya ɗora ku a kai. A gidaje da yawa na ƙasar nan, tsoho ba ya karanta saƙon da ya shigo wayarsa sai ya kira jikansa, tsohuwa ba ta cire kuɗin da ɗanta ya aiko sai ta ba 'yarta lambar sirri, kuma abin da kuka ce gaskiya ne a cikin labaran waya shi gidan duka zai ɗauka. Wannan wakilci ne, wakili kuwa abin tambaya ne. Ku karanta musu daidai, ku riƙe musu sirri, kada ku taɓa ko kwabo a asusunsu sai da izininsu, ku koya musu su kashe waya idan baƙuwar murya ta tambayi lamba, ku koya wa ƙannenku abin da kuka ji a nan tun kafin a saya musu tasu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare ku daga sharrin abin da hannuwanku suke riƙe da shi, ya ba ku alherinsa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo mana da aminci a Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda da ƙasar Zamfara baki ɗaya. Amin.